Allura Ta Sauka

Tun kafin motar ta shawo kwanar layin, Auta ya san ta Yaya ce, ya kuma san ba lafiya ba. Shekara goma sha biyu yana duba tsohuwar motar nan mai shan dizal, ya san muryarta yadda ya san tarin matarsa. Yau muryar a bushe take, da wani ƙas-ƙas a ƙarƙashinta wanda bai yi masa daɗi ba. Ya ajiye kofin shayinsa a kan benci ya miƙe.

A duk layin masu gyaran mota ba mai ce masa Auta. Mai Lagireto ake kiransa, don in mota tana zafi, ko daga ina take, wurinsa ake turo ta. Mutum ne da furfurarsa da jikoki biyu. Amma Yaya ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi masa wanka ta kai shi makaranta, saboda haka ko gemunsa zai kai ƙirji, a bakinta Auta ne, kuma a gaban kowa take faɗa.

Ta tsaya daidai bakin rumfarsa ta kashe inji.

"Auta, zo ka duba min ja'irar motar nan. Ko fita gari ba mu yi ba, allurar zafi ta kusa taɓa ja."

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau. Gaisuwar ta isa haka, ɗaga bonet."

Kafin ya ɗaga sai da ya leƙa kujerar baya. Mijin Yaya ne kwance a kan matasai uku, wanda duk unguwa ke kira Tela. Fuskarsa ta kumbura har idanun sun shige, ƙafafun sun yi suntum, fatar tana sheƙi. Shekara biyu ke nan ƙodarsa ta daina aiki, sau biyu a mako ake yi masa wankin ƙoda. To na'urar asibitin garin ta lalace, yau kwana shida ba a yi masa ba. Da ƙyar Yaya ta samo masa gurbi a babban asibiti, tafiyar kusan awa huɗu, an ce ƙarfe biyu daidai. In suka makara wani za a ɗora a gadon, likita kuwa ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye cewa kada mutumin nan ya ƙara kwana ba a wanke shi ba. Agogon da ke rataye a rumfa yana nuna tara da rabi.

"Injiniya," in ji Tela, yana tsayawa ya ja numfashi tsakanin magana. "Ka ga rashin adalci. Ni ruwa ya yi min yawa, ita kuma ya yi mata kaɗan. Ba ka da tiyon da za ka haɗa mu?"

"Akwai, Malam, amma naka ruwan surutu ne, zai toshe min lagireto."

Tela ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Shekara arba'in ya yi yana taka keken ɗinki, ƙafarsa ta dama ta saba, ko barci yake sai ta yi ta motsi ita kaɗai. Yanzu ma diddigen yana bugun ƙofar motar daga ciki, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Haka mutane suke da bakanike. Mota za ta yi wata guda tana kuka, ba za a kawo ta ba sai ranar da rai ke kan hanya, sannan a tsaya maka a ka ana duba agogo. Amma wa zai ga laifin Yaya, matar da ta yi shekara biyu ba ta yi barcin kirki ba? Auta ya haɗiye maganar ya ɗaga bonet. Zafi ya buso masa a fuska, da wari irin na tukunyar da aka manta a kan wuta.

Bai taɓa murfin lagireto ba, don tabon da ke wuyan hannunsa ya ishe shi darasi. Ya jawo bokiti ya dinga watsa wa lagireton ruwa daga gaba yana ta cuuu, yana aiki yana dubawa. Ya durƙusa ya leƙa ƙasan motar, ƙasa a bushe, ko ɗigo babu. Ya bi tiyoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, babu tsaga, babu danshi. Ya kama fanka ya girgiza don ya ji ko famfon ruwa ya yi lako-lako, ya ji shi daram. Ya danna bel ɗin fanka da babban yatsa, bel ɗin ya lotsa fiye da kima.

"Ga ɓarawo ɗaya," ya ce a ransa.

Sai ya matsa babban tiyon sama. Tiyon da ya kamata ya ɗan ba da kai a hannu, ya ji shi tauri kamar icen taɓarya. Ya sake matsawa. Amma ya ce wa kansa ai inji bai gama hucewa ba.

Da zafin ya ragu ya ninka tsumma ya murɗe murfin a hankali. Babu ruwa a bakin lagireto. Ya fara zubawa, ya zuba, ya zuba, sai da ta sha kusan galan guda sannan ruwan ya leƙo.

"Yaya, yaushe rabon ki zuba mata ruwa?"

"Jiya da yamma. Malam ya sa ni, na cika ta taf."

Galan guda daga jiya zuwa yau, ƙasa kuma a bushe. Duk bakaniken da ya san abin da yake yi, tambaya ɗaya zai yi a nan: ina ruwan ya tafi? Auta ya yi wa kansa tambayar. Ya juya murfin a hannunsa, ya ga robar ciki ta bushe ta tsattsage. Wallahi daɗi ya ji, irin daɗin mai neman hujja. Murfi ba ya riƙewa, bel ya saki, ruwa yana tafasa yana tsiyayewa a kan hanya, shi ya sa ba a ga komai a nan ba. Magana ta haɗu, kuma gyaran minti goma ne.

Ya ɗauko sabon murfi, ya ɗaure bel ɗin har ya yi tsam, ya goge ƙwari da ƙaiƙayin da suka manne a gaban lagireto. Sannan ya ce wa Yaya ta tayar, ya bar bakin lagireton a buɗe yana kallo. Injin ya yi tari sau biyu ya tashi, farin hayaƙi ya fito ta salansa. Tsohon inji mai dizal da safe, ai dole ya yi hayaƙi. A bakin lagireto kumfa ɗaya ta taso ta fashe. Bayan ɗan jimawa wata ta biyo.

Gwajin da zai raba gardama ɗaya ne, Auta ya yi shi ya fi sau dubu. A bar inji yana aiki har ya ɗauki zafi sosai, a zuba wa bakin lagireto ido. In kumfar ta ƙare, iska ce da ta shiga wajen zuba ruwa. In kuwa ta ci gaba da tasowa ba yankewa, to gaskit ya ƙone, wato siririn faifan nan da ke raba wuta da ruwa da baƙin mai a cikin inji. Injin dizal da ƙarfi yake matse iskarsa, in ya samu ƙofa ko ta kai tsinin allura sai ya tura hayaƙi cikin ruwa, ya kumbura tiyo, ya kore ruwan waje, sauran kuma ya shanye. Wannan ba aikin safiya ba ne, aikin kwana biyu ne. Gwajin kansa yana cin minti ashirin.

"Goma saura biyar," in ji Yaya daga bayansa.

"Ki ba ni minti ashirin, Yaya, in tabbatar."

"Ka tabbatar da me? Ba ka ga matsalar ba?"

"Na gani. Murfi ne da bel."

"Ka gyara?"

"Na gyara."

"To minti ashirin na mene ne? Kai ka san hanyar nan, in na ba ka ashirin, a ina zan samo su?"

Auta ya koma kan injin. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya goge a tsumma, da niyyar ya duba. Daidai nan Tela ya fara yunƙurin amai, Yaya ta ce a miƙo roba, Auta ya mayar da sandar, ya jefa tsumman kan benci, ya ruga ya tallafo kan mutumin. Ba abin da ya fito sai kumfa. Da ya dawo gaban motar wata kumfar na tasowa a bakin lagireto, ya ɗora sabon murfin a kanta ya murɗe, ya rufe bonet.

"Bari in bi ku," ya ce.

"Ka zauna a ina? Keken guragunsa na kujerar gaba, but ɗin baya kuma a cike. Ga warin man nan na jikinka, kana matsowa ya fara amai, ba ka lura ba?"

Gaskiya ta faɗa. Ya cika galan da ruwa ya sa mata a ƙasan kujera, ya sunkuyo ta taga yana nuna mata da yatsa.

"Ki bi tsohuwar hanya, babu cunkoso, cunkoso shi ke dafa inji. Kada ki wuce saba'in. Idonki a kan allurar nan. In ta wuce tsakiya ki rage gudu. In ta doshi ja ki tsaya ki kashe, ki jira ta huce, ki zuba ruwa. Muddin tana ƙasa, ki yi ta tafiya abinki."

"In ta doshi ja in tsaya. Muddin tana ƙasa in yi ta tafiya." Ta maimaita kamar mai haddar karatu. Haka Yaya take, in ka ba ta doka ka gama. Shekara biyu tana ba Tela magani kala bakwai, ba ta taɓa saɓa awa ɗaya ba, ruwan shansa ma da ɗan kofi take aunawa.

"Allah ya yi maka albarka, Auta."

"Amin, Yaya. Allah ya kai ku lafiya. Malam, sai ka dawo mu ƙarasa."

Tela ya ɗaga yatsu biyu. Motar ta ja, farin hayaƙi na bin ta har ta sha kwana.

Auta ya koma kan aikin da ya bari, wani lagireto da yake liƙewa da dalma. Sau biyu yana ƙona yatsa, abin da ya manta rabon da ya same shi. Hankalinsa ya ƙi kwanciya. Maƙwabcinsa Mai Faci, wani dattijo mai son tsokana, ya leƙo yana ɓare gyaɗa.

"Mai Lagireto, yau an sha faɗa wurin Yaya ke nan? Na ga ka yi laƙwas."

"Bari kawai."

"Amma fa motar nan tata tana hayaƙi. Da ta wuce ta gabana har wani tururi-tururi na ji a fuska, kamar an buɗe tukunya."

Auta ya ajiye dalmar. Ya kai hannu kan benci ya ɗauki tsumma don ya goge yatsansa, sai idonsa ya faɗa kan abin da ke jiki. Tsumman da ya goge sandar mai ne. Baƙin man injin dizal baƙi ne ƙirin, kowa ya sani. Wannan kuwa launinsa ɗaya da shayin madarar da ya huce a kofinsa. Ya murza shi a yatsu, ya ji yauƙi. Ruwa ya shiga mai.

Sai alamun safe suka dawo masa. Tiyo mai tauri, kumfa, farin hayaƙi, galan guda ba ɗigo a ƙasa. Duk ya gani da idonsa, ya tsallake su ɗaya bayan ɗaya don ya isa wurin murfin da zai iya canzawa a minti biyu. Sabon murfin ma ba abin da zai hana. Injin zai yi ta shan ruwan yana kore shi har ya ƙare.

Ya ce wa kansa da sauƙi, ai allura za ta hau, Yaya za ta tsaya, ga galan a ƙasan kujera. Sai maganarsa ta dawo masa da muryar Yaya, muddin tana ƙasa in yi ta tafiya. Ya zauna a kan benci ba shiri.

Maigidansa da ya koya masa aiki, Allah ya ji ƙansa, ya taɓa ƙwala masa sifana a gadon baya a kan wannan maganar. Allurar nan ba inji take aunawa ba, ruwa take aunawa. Ɗan ƙarfen da ke kai mata labari a cikin ruwan yake zaune. In ruwa ya ja baya ya bar shi a iska, sai allura ta sauko abinta, inji na cin wuta ita tana nuna sanyi. Shekara talatin Auta yana gaya wa direbobi haka, cewa allurar da ta hau sannan ta faɗo da kanta ita ce abin tsoro. Yau da abin ya zo kan 'yar'uwarsa, rabin dokar ya ba ta.

Ya kira wayarta. Ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Yaya ba ta taɓa waya in tana tuƙi, wannan ma shi ya koya mata. Ya kira sau huɗu. Ya ɗaure jarka mai cin galan biyar a bayan babur ɗinsa.

"Lafiya?" in ji Mai Faci, gyaɗar ta tsaya masa a hannu.

"Gaskit ne. Don Allah ka nemo mota, ko wace iri, ko ta ɗaukar kaya ce, a biyo tsohuwar hanya."

"Yau ranar kasuwa ce fa, duk sun fita. Zan duba."

Goma da minti arba'in ya bar layin. Bai taɓa gudu da babur irin na ranar ba. Tsohuwar hanya tana bi ta ƙananan garuruwa na wajen awa guda, daga nan sai gidan mai na ƙarshe, bayansa kuma fili ne fetal na kusan awa biyu, ba gari, ba rijiya. Tun da aka yi sabuwar hanya manyan motoci suka ƙaurace mata. Shi ya ce ta bi ta nan. A kowane gari yana duba gefen titi, yana roƙon Allah ya hango motar a tsaye da bonet a ɗage, Yaya na zaginsa. A kan wata gada ya ga layin ɗigon ruwa a tsakiyar hannunsu, ɗigo nan, ɗigo can, rana ba ta gama shanye su ba. Can gaba layin ya yi ƙaranci, daga baya ya ɓace gaba ɗaya, kuma ɓacewar ta fi ganinsa tayar masa da hankali.

A gidan mai na ƙarshe ya taka birki har jarkar ta buge shi a baya. Mai zuba mai yana zaune a inuwa yana fifita da kwali.

"Wata tsohuwar mota ruwan toka, mace ke tuƙi, ta wuce?"

"Mai hayaƙi? Ta wuce, bai fi minti goma sha biyar ba. Ta ma sa sigina ta rage gudu kamar za ta shigo, har na miƙe. Sai kuma ta fasa ta miƙe hanya."

Auta ya ciro waya ya sake kira. Wannan karon aka ɗauka. Numfashi ya fara ji, mai nauyi, sannan muryar Tela.

"Injiniya. Ka dame mu."

"Malam, buɗe muryar wayar Yaya ta ji ni."

Aka ɗan yi ƙoƙari, sai muryar Yaya ta fito, a sake, har da fara'a. Rabon da ya ji ta haka an daɗe.

"Auta, hannunka da albarka. Ɗazu ta so ta ba ni tsoro, ta hau har kusa da ja, na ce bari in shiga gidan mai. Ina rage gudu sai ta sauko da kanta. Yanzu ma ta fi safe sauka."

"Yaya, ki tsaya yanzu. Ki kashe motar."

"In tsaya a ina? Daji ne nan. Allura na ƙasa."

"Ƙarya take yi. Babu ruwa a motar."

"Kai ka ce muddin tana ƙasa in yi ta tafiya."

"Na faɗa, kuskure na yi. Murɗa hita ki sa hannu ki ji, in ba ki yarda ba."

"Hita a wannan ranar?" Ya ji ta murɗa. "Iska ce mai sanyi ke fitowa. Ka ga ko ita ta huce."

Hita da ruwan inji take ɗumi. In ta busa sanyi bayan tafiyar awa guda da rabi, babu abin da ya rage a ciki. A bayan muryarta yana jin injin ta cikin waya, ƙas-ƙas ɗin safe ya zama ƙwanƙwasa mai ƙarfi, yana ƙaruwa.

"Don girman Allah, Yaya, ki kashe. Ki kashe yanzu."

"Auta, ba na jin ka sosai. Sha biyu saura, in na tsaya..."

Wayar ta yanke. Ya sake kira, aka ce ba a samun lambar.

Minti ashirin ya ƙara yana gudu a cikin filin nan, bai gamu da mota ko ɗaya ba, ko mai zuwa ko mai tafiya. Wari ya fara ji kafin ya gani, warin ƙonannen mai da fenti. Sannan ya hango ta a gangaren wani ɗan tudu, rabinta a kan titi rabi a gefe, inda ta gangara ta tsaya da kanta. Siririn hayaƙi mai shuɗi na fita ta gefen bonet.

Yaya tana zaune a mazauninta, hannayenta biyu a kan sitiyari. Ba ta yi masa faɗa ba. Da ta yi ma da ya fi masa sauƙi.

"Ƙarfinta ne ya dinga raguwa," ta ce. "Na taka, ta ƙi. Sai ta yi wani gum ta mutu. Amma duba, Auta." Ta murɗa makulli fitilun gaban direba suka kawo, ta nuna masa da yatsa. Allurar na kwance can ƙasa. "Ban ɗauke ido daga kanta ba ko sau ɗaya."

"Na sani, Yaya."

Galan ɗin da ya ba ta yana ƙasan kujera a cike, ko murfinsa ba a taɓa ba. A baya Tela ya rufe ido, bakinsa a buɗe, ƙirjinsa na hawa da sauka da sauri. Leɓɓansa sun yi duhu. Diddigen na nan yana bugun ƙofa, ƙwas, sai a jima, ƙwas.

"Malam, sannu."

"Injiniya," ya ce bai buɗe ido ba. "Ka kawo tiyon?"

Auta ya bar tagar. Ya zagaya ya ɗaga bonet da tsumma. Fentin kan injin ya tashi ya yi ƙuraje, robobin wayoyi sun narke sun manne, babban tiyon da ya yi tauri da safe ya shafe ya yi laushi. Ya murɗe sabon murfinsa, ko cuu bai yi ba, babu abin da zai yi tururi. Kallo ɗaya ya ishe shi sanin abin da ya faru, inji ya buga.

Yaya ta fito ta tsaya a gefensa, tana duba agogon hannunta.

"Sha biyu da kwata. In ka zuba yanzu muka tashi, na ɗan ƙara gudu, za mu iya. Ko da rabin awa muka makara zan roƙe su. Zuba mana."

Ya san ba amfani, ya kuma san zuba ruwa a ƙarfe mai zafi haka ɓarna ce a kan ɓarna. Amma ya kwance jarkar ya zuba, don ba zai iya tsayawa hannu rabbana tana kallonsa ba. Injin ya yi ƙara, tururi ya turnuƙe su, wani abu ya ce ƙas a can ciki. Ya yi ta zubawa har jarkar ta yi rabi. Sannan ya shiga ya zauna a mazaunin direba ya murɗa makulli. Ƙum. Ya sake. Ƙum, injin ko motsi bai yi ba.

Yaya ta sunkuyo ta taga.

"Auta, duba. Tana hawa."

Allurar ta samu ruwan da za ta auna. A gaban idonsu ta tashi a hankali, ta wuce tsakiya, ta shiga ja, ta je ƙarshe ta tsaya.

"To yanzu sai mu jira ta huce ko?" in ji Yaya. "Haka ka ce. Minti nawa?"

Ya dubi hanya ta madubi. Fayau take har inda ido ya tsaya, ba motar Mai Faci, ba ta kowa. Ya dubi babur ɗinsa, ya san mutumin da ba ya iya zama ba zai hau shi ba. Ya buɗe baki zai gaya mata gaskiya, ko sau ɗaya a yau ya faɗa mata magana cikakkiya. A lokacin ne ya lura motar ta yi tsit. Injin ya daina ƙara, tururin ya lafa, kuma bugun nan na ƙofar baya, wanda kunnensa ke bi tun da ya iso, ya jira shi, ya ƙara jira, bai zo ba.

Yaya ba ta lura ba. Idonta na kan allura, tana jiran ta sauko.

"Auta, da kai nake. Me ya sa ka yi shiru?"